Fatsa a Cikin Wasiƙa: Yadda Ake Sace Kuɗin Jama'a da Sunan Gidajen Biya na Intanet

Jawabin da ɗaya daga cikin ƴan jaridarmu ya gabatar gaban ƴan kasuwa, masu sana'ar hannu da ɗalibai a Maraɗi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, in ban da gaishe-gaishen da muka taƙaita.

 

Da aka ce mini in zo in yi magana gaban ƴan kasuwar Maraɗi bisa tsaron dukiya, sai da na yi dariya ni kaɗai. Ɗan jarida, wanda albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata, shi ne zai koya wa jikokin fataken gyaɗa da fata yadda ake riƙon kuɗi? Amma ɓarawon da zan yi maganarsa yau ba ya haura katanga, ba ya tare mota a hanyar Ɗan Isa, ba ya yanke aljihu a kasuwa. Wasiƙa yake rubutawa. Tun da kuwa rubutu shi ne abincina, ina ganin ina da ɗan abin cewa.

Bari in soma da gida. Ina da kawu a Damagaram, baduku ne, ya gaji sana'ar wajen mahaifinsa. Ɗansa, wanda ya yi lakwal, ya ɗauki hotunan jakunkuna da matasan fata ya sa a intanet. Ba a daɗe ba wata mata ta rubuto, ta ce daga Faransa take, tana son kaya na yuro 300, wato kusan jika 197 na sefa. Ba ta taya ba, ba ta nemi ragi ba. Kwana biyu bayan haka sai ga wasiƙar imel da tambarin wani babban gidan biyan kuɗi na intanet, da launinsa, da faransanci mai tsabta. Wasiƙar ta ce an biya yuro 700, amma an riƙe kuɗin, ba za a sake su ba sai mai kaya ya aika wa ɗan dakon matar yuro 400 ɗin da suka hau, ya kuma turo lambar shaidar aikawa kafin awa 24. Kawuna ya ciwo bashi wajen maƙwabcinsa, ya sayar da rago biyu, ya haɗa kusan jika 262, aka aika. Har yau da nake tsaye gabanku ko tamma ba ta shigo ba. Babu mata, babu ɗan dako, babu yuro 700. Gidan biyan kuɗin ma bai san da zancen ba, don wasiƙar ba daga wurinsa ta fito ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sai bayan wata huɗu na ji labarin, shi ma daga bakin innata. Kunya ta hana shi faɗa.

Da faransanci ana kiran wannan damfara hameçonnage, daga sunan ƙugiyar kamun kifi. Mu ma muna da kalmarmu, fatsa, kuma duk wanda ya taɓa zama bakin tafkin Madarunfa ya san yadda take aiki: masunci ba ya bin kifi da gudu, tana yake sa wa ƙugiya ya jefa, ya zauna ya jira. Kifin da kansa yake zuwa ya haɗiye. Shi ya sa a jawabin nan zan riƙa cewa wasiƙar fatsa.

Dattawan da ke nan ba baƙin abin ba ne. Kun tuna wasiƙun da suka riƙa zuwa ta gidan waya da na'urar faks a shekarun 1980 da 1990, wai daga ɗan wani minista ko matar wani janar da ya rasu, mai neman wanda zai taimaka masa ya fitar da miliyoyi? Su ne aka raɗa wa suna 419, lambar sashen dokar laifuka ta Najeriya da ke hukunta zamba cikin aminci. Waɗancan kwaɗayi suke tsokana. Na yau sun fi su wayo, domin sun gane cewa tsoro ya fi kwaɗayi saurin rikita mutum, kuma sun daina aron sunan matar janar, sun koma aron sunan gidan da kai da kanka ka amince masa ka ba shi ajiyar kuɗinka.

Asalin abin a Amurka ne, wajen 1995, a kamfanin AOL, wanda a lokacin ta hannunsa miliyoyin Amurkawa ke shiga intanet. Wasu samari suka riƙa aika wa mutane saƙo suna cewa su ma'aikatan kamfanin ne, a turo kalmar sirri don a gyara asusu. Abin ya yi yawa har kamfanin ya riƙa manna gargaɗi cewa babu ma'aikacinsa da zai taɓa tambayar kalmar sirri. Shekara talatin ke nan, kuma wannan gargaɗi bai tsufa ba. Da aka soma biyan kuɗi ta intanet sai ɓarayin suka bi kuɗin. Kamfanin da ya haifi PayPal an kafa shi a 1998. A shekarar 2000 har an riga an buɗe shafin jabu da ke kwaikwayonsa, inda aka cire harafin ƙarshe na sunan, wato ƙaramin l, aka sa babban I a gurbinsa. A fuskar kwamfuta haruffan biyu kamar an tsaga kara. Mutane suka shiga, suka rubuta sunansu da kalmar sirrinsu, suka miƙa wa ɓarawo mabuɗin ɗaki da hannunsu.

Wani zai ce: to yaya aka yi mutum zai aiko wasiƙa da sunan wani, na'ura ta yarda? Amsar tana cikin tarihin imel ɗin kansa. Ƙa'idar da ake aika shi da ita an rubuta ta a 1982, lokacin da masu amfani da ita ƴan tsiraru ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kusan kowa ya san kowa. Ba a sa mata hanyar tantance mai aikawa ba. Kamar ambulan ne: in ka ga dama ka rubuta a bayansa cewa daga fadar shugaban ƙasa ya fito, ma'aikacin gidan waya ba zai tambaye ka katin shaida ba. Daga baya manyan kamfanoni, cikinsu har da PayPal da Google da Yahoo, suka haɗu suka fito da wani tsari a 2012 mai suna DMARC, wanda ke ba akwatin wasiƙa damar ƙin karɓar saƙon da ya ari adireshin wani. Ya rage ɓarna ƙwarai. Sai ɓarayin suka sauya salo: maimakon su ari adireshin gaskiya, sai su yi rajistar wani mai kama da shi, su rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe a sama. A wayar salula kuwa, wadda da ita yawancinmu muke karanta saƙo, sunan kawai ake gani, adireshin yana ɓoye sai ka taɓa sunan da yatsa. Ku riƙa taɓawa. Sau da yawa za ku ga sunan babban kamfani a sama, a ƙasa kuma adireshin kyauta irin wanda kowane yaro ke buɗewa cikin minti biyar.

A nan zan ɗan daɗe, don in kun fita da abu guda daga zauren nan, ina so ya zama wannan. Adireshin shafin intanet yana da mai shi, kuma sunan mai shi yana wuri guda tak. Ku nemo karkataccen layi na farko da ya zo bayan sunan, ku komo baya, ku karanta abin da ke dab da shi: a nan mai gida yake. In an rubuta paypal.com sannan layin ya biyo, gidan PayPal ne. Amma in an rubuta paypal.com, aka sa ɗigo, aka ci gaba da wasu kalmomi kamar securite ko verification, aka ƙare da wani abu dabam kafin layin, to gidan na wancan na ƙarshe ne, sunan PayPal allo ne kawai da aka rataya a ƙofa. Mu da muka yi makarantar allo mun saba karatu daga dama zuwa hagu. To adireshin intanet haka ake karanta shi. Kada ku ce idonku ya isa. A 2017 wani mai bincike ya nuna adireshin da a ido yake daidai da na kamfanin Apple harafi da harafi, alhali da baƙaƙen rubutun Rasha aka rubuta shi. Wasu daga cikin masu ƙera manhajojin shiga intanet sun toshe wannan kafa, amma darasin yana nan.

Saboda haka ni dai ga abin da nake yi, kuma shi nake ba ku shawara. Duk wasiƙar da ta zo da maganar kuɗi, ba na latsa komi a cikinta. Sai in rufe ta, in buɗe manhajar kamfanin da ke cikin wayata, ko in rubuta adireshinsa da hannuna, in duba asusuna. In gaskiya ne an biya ni, kuɗin suna can. In gaskiya ne akwai matsala, sanarwar tana can. Da ɗan kawuna ya yi haka, da ya ga asusu wayam, da ragunan suna nan. A kasuwa wane ne cikinku zai saki kaya don mai saye ya nuna masa takarda cewa ya biya, bai ƙirga kuɗin ba? Wasiƙar da ta ce an biya ka takarda ce. Hoton shaidar biya da ake turo muku ta WhatsApp shi ma takarda ce, kuma yaro mai waya yana iya ƙera shi kafin shayi ya tafasa.

Akwai shawarwari biyu da aka daɗe ana ba jama'a, waɗanda yanzu sun lalace, kuma ina jin har gobe ana maimaita su a rediyo. Ta farko, wai in ka ga hoton ɗan kwaɗo kusa da adireshi, shafin amintacce ne. Kwaɗon nan abin da yake nufi shi ne wani na uku ba zai saurari abin da ke tsakaninka da shafin ba. Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Tun wajen 2016 ana samun takardar kwaɗon kyauta, ɓarayi ma suna karɓa. Kamfanin Google da kansa ya cire hoton daga manhajarsa ta Chrome a 2023, domin ya ga mutane suna yi masa mummunar fahimta. Ta biyu, wai ana gane wasiƙar ɓarawo da kurakuran faransancinta. Da can haka ne, mu da muka sha bulala bisa dikte muna alfahari da hakan. Amma tun ƙarshen 2022, da na'urorin rubutu irin su ChatGPT suka bazu, wanda ko aji shida bai gama ba yana iya fito da wasiƙar da malamin jami'ar Abdu Mumuni ba zai sami abin gyarawa a ciki ba. Kuma kada mu ɗauka Hausa za ta tsare mu. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mayar da ita harshen ƙasa, na'urorin nan kuma kullum ƙara iya ta suke yi. Ranar da wasiƙar fatsa za ta zo da “Ranka ya daɗe” ba ta da nisa.

Abin da bai canza ba, kuma ba zai canza ba, shi ne gaggawa. Ɓarawo ba ya son ka kwana da magana. Za a rufe asusunka kafin awa 24. Wani ya shiga asusunka daga wata ƙasa, ka tabbatar yanzu-yanzu. An cire yuro 499 don sayen abin da ba ka saya ba, in ba kai ba ne ka kira wannan lamba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran mugunta, don wani lokaci ta hanyar gidan biyan kuɗin na gaskiya ake aiko shi: ɓarawon ya buɗe asusu kamar kowa, ya aiko maka takardar neman biya, ya rubuta lambar wayarsa a wurin bayani. Adireshin na gaskiya ne, tambarin na gaskiya ne, lambar wayar ce fatsa. In ka kira, murya mai ladabi za ta amsa, ta kwantar maka da hankali, ta ce don a mayar maka da kuɗinka sai ka karanto lambar da za ta shigo wayarka yanzu.

Wannan lamba, jama'a, ita ce ƙofar ƙarshe. Bankuna da gidajen biya sun ƙirƙiro ta ne domin ko an sace kalmar sirrinka, ɓarawo ya tsaya a waje tun da wayar tana hannunka. Shi ya sa yake buƙatar ka karanta masa ita da bakinka. Kuma a nan ne maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa buɗe imel ba. Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, Nita, Amana, Al Izza: yau talakan da bai taɓa taka ƙofar banki ba yana aika kuɗi da karɓa ta waɗannan hanyoyi, kuma ɓarayi suna aron sunayensu a gajeren saƙo da kiran waya kamar yadda suke aron na PayPal a imel. “Na yi kuskure na turo maka kuɗi, don Allah mayar mini.” “Ka ci kyauta, faɗi lambarka a saka maka.” Dabarar ɗaya ce, tanar da ke kan ƙugiya ce kawai ta bambanta. Babu ma'aikacin gaskiya da aikinsa ya ƙunshi jin lambar sirrinka. Ko da wanda ya kira ya san sunanka da na unguwarku, wannan ba shaida ba ce; irin waɗannan bayanai ana tsintarsu a Facebook.

Na komo ga kunyar kawuna. Shi a ganinsa rashin boko ne ya ja masa. To ku saurara. A watan Maris na 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya sami wasiƙa wai daga Google, cewa wani ya sami kalmar sirrinsa, ya gaggauta canza ta. Mutum ne da ya taɓa zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban Amurka, yana da ƙwararru kewaye da shi. Aka latsa. Dubban wasiƙunsa suka fita, shafin WikiLeaks ya riƙa buga su a watan Oktoba, ana saura makonni a kaɗa ƙuri'a. Haka kuma tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani da sunan Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan aiki, ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya na jabu. Suka biya shi sama da dala miliyan 100, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5 a 2019. In waɗanda suka gina gidan sun faɗa rijiyar da ke tsakar gidan, baduku a Damagaram ba shi da abin jin kunya.

Shiru kuwa riba ce ga ɓarawo. Wanda abin ya sama, sa'o'in farko su ne masu tsada: ya canza kalmar sirrin nan take, ya canza ta akwatin imel ɗinsa ma, don ta nan ake sabunta sauran duka, in da kalma ɗaya yake buɗe ko'ina, kamar yadda yawancinmu muke yi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kira banki ko gidan aika kuɗi da lambar da ke jikin katinsa ko a ofishinsu, a toshe kati, a gwada tsayar da kuɗin in ba a riga an karɓe su ba. Kada ya goge saƙon, shi ne hujjarsa a komisariya ko wajen jandarma. Sannan ya shirya wa zuwa na biyu, domin sau da yawa bayan ƴan kwanaki wani zai rubuto ya ce shi lauya ne ko ɗan sandan ƙasa da ƙasa, zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya ɗan wani abu. Su ne dai suka komo kiwo inda suka sami ciyawa.

Na san dalilin da ya sa da yawa cikin iyayenmu ba su yarda da ajiya hannun wani ba. Sun ga rushewar bankin BDRN a 1990. Sun kwanta da kuɗinsu a watan Janairu na 1994, suka tashi an karya darajar sefa da rabi. Amanar da aka sake ginawa cikin ƴan shekarun nan, har tsohuwa a ƙauye take karɓar saƙon ɗanta daga Abijan ko Agadas ta waya, ba ƙaramar dukiya ba ce ga ƙasa, kuma kowace damfara tana ɓantarar wani yanki nata. Shi ya sa ba zan sauka ba sai na juya ga hukuma, don ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukan nauyin tsaron kansa.

Muna da doka. Ranar 3 ga watan Yuli na 2019 aka sa hannu kan doka mai lamba 2019-33 ta hukunta laifukan intanet, kuma zamba ta hanyar na'ura tana cikin abin da ta hana. Muna da hukumar kare bayanan jama'a, muna da hukumar ARCEP mai sa ido bisa kamfanonin sadarwa, ga babban bankin BCEAO da ke tsara harkar kuɗin waya. To amma ku tambayi duk ɗan jaridar ƙasar nan me ya sani game da dokar 2019, zai faɗa muku sashen ɓata suna. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabu a gidan kaso a 2020. Da ita aka yanke mata hukuncin ɗaurin talala tare da Musa Aksar a farkon 2022. A cikin 2022 aka gyara dokar aka cire ɗauri bisa ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Gwamnatoci sun canza, farar hula da soja, amma kowace ta fi nuna himma wajen wanda ya rubuta abin da ba ta so. Ni ban ce kada a hukunta mai ƙage ba. Tambayata ita ce: ƙwarewar da ake da ita ta gano wanda ya rubuta layi uku a Facebook cikin kwana guda, me ya hana a juya ta ga wanda ya karɓi jika 262 na kawuna da katin shaida a wani kanti? Me ya hana a tilasta wa kowane gidan aika kuɗi ya sa lambar kai ƙara ta kyauta, wadda ake amsawa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, dare da rana? Me ya hana a buga, sau ɗaya a shekara, yawan ƙarar da aka kawo da yawan kuɗin da aka ƙwato, jama'a su gani?

Ku ma Alhazai kuna da ƙungiya, kuna da murya, ministoci suna amsa gayyatarku fiye da yadda suke amsa tamu. In kun sa wannan buƙata cikin takardar koke-kokenku, tare da maganar kwastan da haraji, jaridarmu za ta buga ta a shafin farko.

Na ga wasu sun riga sun fito da wayoyinsu. Duk mai saƙon da yake shakka a kai ya kawo bayan an tashi mu duba adireshin tare, amma kada kowa ya nuna mini lambar sirrinsa. Shugaban taro, na mayar maka da magana.